Jarrabawar Da Na Yi Wa Baba Ido A Rufe

Laifina ne, kuma gara in faɗa tun yanzu, kafin halina na da ya motsa in fara neman wanda zan jingina wa. Na daɗe a aikin asibiti, na manta fuskokin mutane da sunayen magunguna masu yawa, amma abin da na yi wa wata baiwar Allah a wani ƙauye kusa da Dogon Dawa ba zai fita daga kaina ba har ranar da za a sa ni a ƙasa. Na yi sakaci da aikina, mijinta ya kusa mutuwa, sai na ɗauki sakacin nan na ɗora mata a gaban jama'a, ta yi shekara biyu ana nuna ta da shi.

Cikin shekarun tamanin ne. Ni ke riƙe da ɗakin shan maganin ƙauyen, ni ne mai allura, ni ne mai wankin gyambo, ni ne mai shara idan ba wanda ke kallo. Karatuna bai wuce firamare da wani ɗan kwas ba, amma mutane Likita suke kirana, ni kuwa saboda tsabar tawali'u ban taɓa wahalar da kowa da gyara ba. Ina da farar riga da biro uku a aljihun gaba. Ɗaya ne kawai ke rubutu, sauran biyun suna taya shi ɗaukar ilimi.

Akwai wani dattijo a ƙauyen, kowa Baba yake ce masa. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin sawun masu sare maɗaci ba izini. Mutum ne mai ibada da taurin kai, kuma ban san wanda ya fi yawa a cikinsu ba. Ƙodarsa ta daina aiki, ƙafafu da fuska suka kumbura, sai ɗansa da ke aiki a birni ya zo ya ɗauke shi zuwa babban asibiti. Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ta bi shi jinya. 'Yar wani ƙauye ce a bakin daji, da yaren Gbagyi ta tashi, Hausarta ta koyo ce, kuma ba ta da yawan magana.

A can aka yi masa wani aiki da ko labarinsa ban taɓa ji ba. Aka huda cikinsa ƙasa da cibiya, aka sa wata siririyar roba, rabinta a ciki, rabinta a waje. Ana rataye jakar ruwan magani a sama, a haɗa bakinta da bakin robar, ruwan ya gangara cikin cikinsa. Ya zauna 'yan sa'o'i yana tsotse dattin da ƙoda ta kasa fitarwa, sannan a sauke jaka ƙasa, ruwan ya fito, a sa sabo. Sau huɗu a yini, kullum, har iyakar rai. Aikin ba wuya, sai wuri ɗaya: ɗan lokacin nan da bakin robar yake a buɗe kafin a haɗa. Idan ƙwayar cuta ta samu shiga a nan, ba abin da zai tare ta sai cikin mutum.

Baba ya ce shi ba zai zauna a birni ba, ko da kuwa gadon zinariya za a ba shi. Masara tana jiransa. Likitoci suka yarda ya dawo gida, ɗansa zai riƙa aiko da kwalayen ruwan a mota, amma da sharaɗin a sami ma'aikacin lafiya a kusa da zai ci gaba da koya masa, ya kuma jarraba shi, ya sa hannu a takarda cewa ya iya da kansa. Aka duba duk yankin, aka rasa wanda ya fi ni. Wannan kawai ya isa ya nuna muku halin da yankin ke ciki.

Aka kira ni birni na yi mako guda a hannun wata Sista, babbar ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, gajeriya, mai tabarau da igiya a wuya. Ta koya mini komai dalla-dalla: a rufe ƙofa da taga, a goge tire da sifirit mai kashe ƙwayar cuta, a ɗaura ƙyalle a rufe baki da hanci, a wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, a duba jaka ko ta huje, sannan a buɗe a haɗa ba tare da yatsa ya taɓa bakin ba. Ranar da zan taho ta miƙo mini takarda mai layi goma sha biyu, kowane layi da ɗan akwati a gefe.

Ta ce, “Malam, ka ji ni da kyau. Kada ka tambaye shi ko ya iya. Kowa zai ce ya iya. Ka zauna ka sa masa ido, ya yi da hannunsa. Abin da ka gani shi za ka maka wa alama, ba abin da ka ji ba.”

Na ce, “Haba Sista, ai wannan ƙaramin abu ne.”

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Masu cewa haka su ke cika mana gadaje.”

Na dawo ƙauye kaina ya fi ƙarfin hulata. Mako guda a birni, amma na dawo ina tafiya kamar ni na ƙirƙiro ƙoda. Duk wanda ya zo karɓar maganin ciwon kai sai ya ji bayanin yadda ake wanke jini ta ciki, ko ya so ko bai so ba.

Na fara zuwa gidan Baba kullum. Inna ta riga ta gyara ɗaki guda, ta yi masa daɓe, ta shafe bango da farar ƙasa, ta kafa ƙusa daidai tsayin da ta gani a asibiti. Ta ware tire da kwano da sabulu da ba a taɓa su sai don wannan aiki. Da safe takan naɗe jakar a tsumma mai tsabta ta ajiye inda hantsi ke bugawa don kada ruwan ya shiga cikinsa da sanyi. Ba wanda ya ce ta yi. Sati uku ta yi a gefen gadonsa tana kallon hannun ma'aikata, ta kwashe aikin tsaf. Ni na ga duk wannan, na kuma yaba wa kaina da na iya tsara gida.

Koyarwata kuwa wa'azi ce. In tsaya a tsakiyar ɗaki in karanto layi goma sha biyun nan, Baba ya maimaita. Mutumin da ya yi karatun allo, me layi goma sha biyu zai yi masa? Kwana biyu ya haddace, har yana kawo su daga ƙarshe zuwa farko don ya burge ni. Aka haɗa masa lokutan sauya ruwa da lokutan salla don kada ya manta, abin ya yi masa daɗi. Da muka zo kan ƙyallen rufe baki ne aka yi ta.

Ya ce, “Likita, ni jaki ne da za ka sa mini takunkumi? Na shiga gonar wa?”

Na ce, “Baba, don numfashi ne, kada ya sauka a kan robar.”

“Numfashin da na yi shekara sittin ina yi bai kashe ni ba, sai yau?”

Na yi dariya, na ce to shi ke nan, ya dai kame bakinsa idan ya zo haɗawa. Kunya ta hana ni matsa wa sa'an mahaifina, haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce ina jin daɗin yadda yake ce mini Likita a gaban mutane, ba na so in ɓata wannan. Layin ƙyalle na nan a takarda, na bar shi a zuwan za mu dawo kansa. Har yau muna dawowa.

Sannan duk kwanakin nan, idan aka zo wurin haɗa bakin robar, sai in ce, “Kawo, Baba, in hutar da kai.” Nan ne wurin gwaninta, ni kuwa ba na barin gwaninta ta wuce ni. Wato wuri ɗaya tak da ke iya kashe shi, shi ne wurin da ban taɓa barin ya gwada a gabana ba. Idan ba na nan, Inna ke haɗa masa.

Ranar jarrabawa ta zo, bayan azahar. Na sa farar riga, na zauna a kujera, takarda a cinya. Baba ya rufe ƙofa, na maka alama. Ya goge tire, na maka. Ƙyalle, na yi kamar ban ga layin ba, na maka. Ya wanke hannu kamar mai alwala ta biyu, ya duba jaka, ya cire murfin bakin robar ya riƙe shi a buɗe. Sai ya ce, “Likita, mu roƙi Allah.”

Wa zai ce a'a? Na ajiye biro, na ɗaga tafukan hannu, na sunkuyar da kai. Baba ya yi ta karantowa ƙasa-ƙasa, ni ina amin, amin, da ƙarfi yadda na waje za su san likitansu ba ilimin boko kaɗai ya tsaya ba. Da ya kai ƙarshe na kifa hannuwana biyu a fuska na shafa, shafawa mai tsawo, tun daga goshi har gemu, ido a rufe. Ko da na buɗe, an haɗa, ruwa na gangarawa. Na ɗauki biro na maka wa layin haɗawa alama mai kyau, har da ɗan lanƙwasa a wutsiya. Goma sha biyu cif. Na miƙe na ba shi hannu na ce, “Baba, ka ci jarrabawa. Daga yau kai ne likitan kanka.”

Da na fito, Inna na tsaye a bakin ƙofa da buta. Ta ce, “Malamin asibiti, ya yi daidai?” Ita kaɗai ce a ƙauyen ba ta ce mini Likita, kuma na daɗe ina riƙe da wannan a zuciya.

Na ce, “Daidai ƙwarai.”

“Ka gani?”

“Na gani mana.”

Ta ce, “Da ido?”

Na yi dariya na ce, “A'a Inna, da kunne.” Na hau kekena na tafi ina jin daɗin amsar da na ba ta. Yanzu na san abin da take nufi. Mace irin ta ba za ta tsaya a gaban baƙo ta ce mijinta ya yi kuskure ba. Iyakar abin da za ta iya ke nan, ta buɗe mini ƙofa in shiga da kaina. Ni kuwa na tsaya ina yi wa ƙofar ba'a.

Na aika da takarda birni, Baba ya karɓi aikinsa a hannunsa. Bai cika mako biyu ba, wata safiya ina tsakiyar wanke wa wani manomi saran fartanya, sai ga Inna da ƙafa, ɗauke da kwano a rufe. Ta buɗe, jakar ruwan da ya fito daga cikin Baba ce. An koya mana cewa ruwan da ya fito ya zama garau, har a iya karanta rubutu ta cikinsa. Inna ba ta karatu, don haka ta samo nata ma'auni: akwai zanen fure a tirenta, kullum sai ta ɗora jakar a kai, in ta ga furen to lafiya. Ta ce, “Yau ban ga fure ba.” Ruwan ya yi fari kamar na wankin shinkafa. Ta ce tun asuba yake riƙe da ciki, jiki zafi.

Da na isa gidan na same shi a dunƙule, ko taɓa cikin ba ya bari a yi. Nan take na san abin da ya faru, na kuma san sunan wanda ke ƙasan takardar nan. Tsakar gida ta cika, 'yan'uwansa maza da mata, maƙwabta, har da masu wucewa zuwa rijiya. Ƙanensa ya tare ni ya ce, “Likita, me ya jawo? Ba ka ce ya iya ba?”

A nan ne ilimina ya yi aiki da sauri irin wanda bai taɓa yi a kan mara lafiya ba. Na dubi tsakar gida, na ga kaji, na ga tukunyar kalwa da Inna ke dafawa don daddawa. Na ɗaga murya na ce, “Baba ya iya, ni na jarraba shi. Amma me za a yi da ƙazantar gida? Hannun da ke cuɗa daddawa shi ke taɓa kayan asibiti. Na sha faɗa, wannan aiki ba na kowa ba ne, ba a koyonsa da kallo.” Ban taɓa faɗa ba ko sau ɗaya. Amma da na ji yadda maganar ta zauna daram a kunnuwan mutane, har ni na fara tuna ranakun da na faɗa.

Inna ta dube ni, ta shiga ta haɗa masa kaya. Aka samu motar katako da za ta fita titi aka sa shi. Da ta zo hawa, ƙanen ya ce ta zauna, ta yi abin da za ta yi, ƙanwarsu za ta bi shi. Ta sauko da ƙullin kayanta ta tsaya a bakin hanya har motar ta shige cikin itatuwa.

Kwana goma sha wani abu Baba ya yi a asibiti ana zuba masa magani ta robar. Allah ya sa da sauran kwana. A ƙauye kuwa magana ta yi ƙafa. Mata suka daina sayen daddawar Inna, wai hannunta na da cuta. Dangin miji suka sa kwaɗo a ɗakin da ta gyara da hannunta. Ni ina ji, ina wucewa a keke, ina amsa gaisuwa.

Ranar da aka dawo da shi, sai ga Sista ta fito daga motar. Ta ce likita ya faɗa, in cikin ya sake ruɓewa sai an cire robar, in aka cire kuwa ba su da wata dabara da za ta bar shi ya zauna a ƙauye. Don haka ta zo ta ga gidan da idonta. Na ji kamar in ce ana nemana a can ƙauyen Kusasu.

Aka buɗe ɗakin. Ta shafa bango, ta duba tire, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta shinshina tsumma. Ta ce, “Wa ya gyara nan?” Aka nuna Inna, tana can nesa kusa da murhu. Sista ta ce, “Ɗakin nan ya fi wani ɗakin asibitinmu.” Na yi gyaran murya na ce ai na yi ƙoƙari a kansu. Ba ta ko dube ni ba.

Ta sa aka fita, daga ita sai ni sai Baba, ta kuma ce Inna ta shigo. Ta ciro wata robar gwaji daga jakarta, wadda ba ta jikin kowa, ta ɗaura masa a ƙugu da tsumma, ta ba shi tsohuwar jaka. Ta ce, “Baba, yi mini yadda kake yi kullum. Kada ka ƙara, kada ka rage.” Ta zauna ta harɗe hannu.

Baba ya fara, yana yi yana karanto layukan da ka. Da ya tsallake ƙyalle Sista ta juyo ta dube ni, na dubi rufin ɗaki. Ya wanke hannu, ya cire murfi, ya ce a roƙi Allah. Ni, da yake ba na koyon darasi da wuri, har na ɗaga hannu. Sista ta sunkuyar da kai kaɗan don girmamawa, amma idonta na kan robar. Baba ya gama karatu, na kai hannu fuska, sai na ji ta daka mini gwiwar hannu a haƙarƙari. Na buɗe ido.

Baba ya kawo bakin robar daf da leɓensa, ya yi tofi a kai. Tuf, tuf, tuf, sau uku. Ya juya bakin jakar, shi ma ya ba shi nasa rabon. Sannan ya haɗa, tsaf, yatsa bai taɓa ko'ina ba, ya ɗago yana murmushi yana jiran yabo.

Sista ta cire tabarau ta ce, “Baba, kullum haka kake yi?”

Ya ce, “Kullum, 'yata. Ni ko ruwan sha ba na kai wa ciki ban tofa masa addu'a ba, balle wannan da Nasara ya haɗa, ban san abin da ke ciki ba.”

Ta juyo gare ni. “Malam, ka san da wannan?”

Na buɗe baki ina neman inda ƙarya take, Baba ya riga ni. “Ya sani mana! A gabansa na yi ranar jarrabawa. Har amin ya ce, da ƙarfi ma.”

Sista ta ce, “Ashe har da amin. Madalla da Likita.” Tun da nake ban taɓa jin an kira ni da sunan nan na ji kamar an watsa mini ruwan zafi ba sai ranar.

Ta tambayi Inna ko ta taɓa gani. Inna ta dubi ƙasa ta ce, “Na ce wa maigida ya bari. Na ce a asibiti rufe baki suke yi. Ya ce Likita ya ba shi goma sha biyu, ni nawa aka ba ni.”

Wato alamar nan tawa mai lanƙwasa a wutsiya ita ce sandar da aka kore ta da ita. Mutum ɗaya a gidan da ya san daidai, na ba mijinta takardar da zai rufe mata baki.

Sista ta yi wa Baba bayani a hankali, cewa bakin kowa, har na limami har na likita, yana ɗauke da ƙwayoyin da ba sa cutar da baki amma suna ruɓar da ciki. Baba ya ɓata fuska ya ce to shi ba zai bar addu'a don roba ba, in mutuwa ce ta zo. Sista ta ce ba ta isa ta hana shi addu'a ba, ta dube ni ta ce, “Kai da kuke salla tare, sai ka faɗa masa yadda za a yi.” Na tsaya ina muzurai. Biro uku, ba wanda ya kawo shawara.

Inna ce ta ce, murya ƙasa, “Ya tofa tun jakar tana cikin ledarta, kafin ya wanke hannu. Wanda ake roƙo ai leda ba ta tare shi.”

Baba ya shafa gemu, ya ce, “To, wannan kuma magana ce.” Sista ta ce a yi haka, a goge ledar bayan nan, sannan ƙyalle, sannan wanke hannu, kuma daga nan baki ya mutu sai an haɗa.

Kwana uku Sista ta yi a ƙauyen, ta sa na sake jarrabawar daga farko tana zaune a bayana. Na kayar da Baba sau biyu, sau ɗaya don ya sosa hanci bayan ya wanke hannu, sau ɗaya don ya ja ƙyallen ƙasa zai yi mini gardama. Ya ce ni yaron banza ne, ya fasa ce mini Likita, ya koma “kai wannan”. Duk da haka na ƙi maka alamar. A karo na uku ya yi daidai, na gani da idona tun daga rufe ƙofa har ɗaure jaka. Sista ta rubuta a ƙasan takardar cewa Inna ce mai lura da shi, ta karanta wa ƙanen da ƙarfi. Ciki bai sake ruɓewa ba. Baba ya ƙara damina biyu a gidansa, ya ci masararsa, kafin zuciya ta gaza, Allah ya karɓi abinsa.

Abin da na koya a aikin nan ke nan, na kuma yi ta faɗa wa duk wanda ya biyo bayana: wanda ka koya wa abin da ransa ya rataya a kai, kada kunya ko son a yabe ka su sa ka ɗauke ido daga hannunsa. Haddar baki ba iyawa ba ce. In ka sa hannu a kan abin da ba ka gani ba, ƙarya ka rubuta, kuma wani ne zai ɗauki nauyinta a jikinsa.

Da a ce labarin ya ƙare a nan da na fita da ɗan mutunci. Amma abin da ya faru a ɗakin nan mu huɗu muka sani. Sista ta koma birni. Baba ba zai fita ya ce tofinsa ne ya kwantar da shi ba. Inna ba za ta tona mijinta ba. Saura ni, ni kuwa na ga ai magana ta wuce, tayar da ita ba alheri. Sai na koma aika mata da sabulu, wai ihsani. Ta dawo da shi ta ce tana da nata. Na aika da goro, ta ce ba ta ci. Na ce a raina matar nan akwai riƙo. Shekara biyu ina ba ta haƙuri da kayan kanti, bakina kuwa yana hutawa.

Ranar sadakar arba'in ɗin Baba muna zaune a zaure da hantsi, an gama addu'a ana raba waina. Sai na ji ƙanen nan nasa yana gaya wa wani baƙo da ya zo daga Saminaka, “Ai da ya fi haka kwana. Tun da matar nan ta sa masa cuta da ƙazantarta bai sake komawa daidai ba. Ga Likita nan, shi ya gano.” Baƙon ya juyo ya dube ni da girmamawa, yana gyaɗa kai.

Na ajiye wainar da ke hannuna. Maganata ce, ko kalma ba a canja ba, ta yi shekara biyu tana cin abinci a gidan nan, ga shi har za ta bi baƙo zuwa wani gari. Na miƙe na nemi izini, na je na tsaya a ƙofar da ta haɗa zaure da cikin gida, inda maza za su ji, matan da ke tsakar gida su ma su ji. Inna tana cikin takaba, tana zaune a bayan asabari a bakin ɗakinta. Na yi sallama, na fara magana ƙasa-ƙasa, ina inda-inda, ina cewa idan akwai wani abu da ya taɓa faruwa a baya.

Daga bayan asabarin ta ce, “Malamin asibiti, ɗaga murya. Ba na jin ka.”

Na cire hulata na riƙe a hannu, na ɗaga.

“Jama'a, ku saurara. Ciwon da ya kwantar da Baba shekara biyu da suka wuce ba daga hannun Inna ya zo ba. Ni aka ba aikin in koya masa in kuma duba shi, ban duba ba, na sa hannu a kan abin da ban gani ba. Ita ta ga kuskuren, ta yi mini nuni, na yi mata dariya. Ita ta gano ciwon da wuri har aka cece shi. Da na ji tsoro, sai na yi mata ƙarya a tsakar gidan nan, ina sane. Ɗakinta ya fi nawa tsabta, aikinta ya fi nawa kyau, kwanakin da Baba ya ƙara a duniya, bayan ikon Allah, a hannunta ya same su. Inna, na zalunce ki, na kuma yi shiru shekara biyu ina kallo. Ba ni da hujja ko ɗaya. Don girman Allah ki yafe mini.”